Me ya sa ƙuri'ar jin ra'ayi ke yawan tuntuɓe a zaɓen fid da gwani na Amurka?

Duk bayan shekara huɗu, tun kafin a kaɗa ƙuri'a ko guda, kafofin yaɗa labaran Amurka sukan shafe kusan shekara cur suna sanar da duniya wanda ke kan gaba a neman tikitin takarar shugaban ƙasa a jam'iyyun Dimokurat da Rifablikan, kuma madogararsu ɗaya ce, wato ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Mu ma da muke nesa mukan ji waɗannan alƙaluma a rediyo, mu karanta su a intanet: wane yana da kashi 34, wance tana da kashi 29. A ganina alƙaluman suna da amfani, amma an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. Sukan nuna wanda ya yi zarra idan takara ta riga ta zauna, amma idan tazara ta maki 2 ce ko 3, ko kuma ra'ayin jama'a yana tsakiyar juyawa, to abin da suke faɗa bai wuce kintace da yawa ba, kuma bai dace a yanke wa wani ɗan takara hukunci da shi ba.

Shafin FiveThirtyEight, wanda Nate Silver ya kafa a 2008 aka kuma rufe shi a 2025, ya shafe shekaru yana kwatanta abin da masu jin ra'ayi suka faɗa a makonnin ƙarshe da abin da akwati ya nuna. Abin da ya samu shi ne, a zaɓukan fid da gwani na shugaban ƙasa, matsakaicin kuskuren da ake yi wajen faɗin tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu yakan kai maki 9 zuwa 10, alhali a babban zaɓen Nuwamba yakan tsaya wajen maki 4 zuwa 5. Ma'ana, idan aka ce wane yana gaba da maki 6, yana iya cin zaɓe da maki 15, yana kuma iya shan kaye da maki 3, kuma ko wanne ya faru ba wani abin mamaki aka yi ba. Duk da haka, ƙuri'un sukan dace da sunan wanda zai yi nasara kusan sau huɗu cikin biyar. Maganganun biyu ba su ci karo da juna ba, domin yawancin zaɓukan fid da gwani ba kankankan ake yin su ba, kuma wanda ke gaba da maki 30 ko an yi kuskuren maki 10 shi ne dai zai ci.

Ya kamata a tuna cewa tsarin nasu ya sha bamban da wanda muka saba gani. A Najeriya, a 2022, daliget ne suka taru a wuri ɗaya a Abuja suka zaɓi gwani, inda Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371 a PDP bayan Aminu Tambuwal ya janye masa a filin taro, Bola Tinubu kuma ya samu 1,271 a APC. A irin wannan zaɓe tambayar mutanen gari ba ta da wani tasiri, tunda ba su ke da ƙuri'a ba. A Amurka kuwa, tun bayan rikicin babban taron Dimokurat na 1968 a Chicago, inda aka ba Hubert Humphrey tikiti bai shiga zaɓen fid da gwani ko a jiha ɗaya ba, an sauya ƙa'ida ta yadda daga 1972 talakawan jam'iyya ne ke zaɓe jiha bayan jiha, daga farkon shekara har watan Yuni. Miliyoyin mutane ne ke yanke shawara, don haka tambayarsu tana da ma'ana. Matsalar ita ce wa za a tambaya, kuma yaushe.

Babu misalin da ya fi na jihar New Hampshire a 2008 fito da wannan matsala fili. Ranar 3 ga Janairu Barack Obama ya yi nasara a Iowa, jihar da ta fara zaɓe, Hillary Clinton ta zo ta uku. Kwana biyar kacal ya rage a yi zaɓen New Hampshire, kuma a cikin kwanakin nan kusan duk wata ƙuri'ar jin ra'ayi da aka fitar ta nuna Obama ne a gaba, da tazarar da matsakaicinta ya kai wajen maki 8, har kamfanin Gallup, wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ya ba shi maki 13. 'Yan jarida sun riga sun fara rubuta labarin ƙarshen takarar Clinton. Ana gobe zaɓe, a wani ƙaramin shagon shan gahawa a garin Portsmouth, tana zaune da wasu masu zaɓe da ba su tsai da shawara ba, sai wata mata ta tambaye ta yadda take jure wahalar yaƙin neman zaɓe. Muryarta ta karye, idanunta suka ciko da ƙwalla, kyamarori kuma suna ɗauka. Yinin ranar da darenta babu abin da ake nunawa a talabijin sai wannan. Washegari, 8 ga Janairu, Clinton ta samu kashi 39, Obama ya samu 36.

Ba zan ce ƙwallar ce ta ba ta nasara ba, domin babu wanda ya auna hakan. Abin da aka tabbatar shi ne yawancin kamfanonin sun rufe tambayoyinsu tun kafin wannan rana, saboda haka duk abin da ya sauya a zukatan mutane a sa'o'i 24 na ƙarshe bai shiga lissafinsu ba. Ƙungiyar masana binciken ra'ayin jama'a ta Amurka, AAPOR, ta kafa kwamiti a kan lamarin, wanda ya fitar da rahotonsa a 2009. Kwamitin bai samu wata ƙwaƙƙwarar shaida ba a kan zargin da ya fi yawo a lokacin, cewa wai fararen fata sun yi wa masu tambaya ƙaryar za su zaɓi baƙar fata. Dalilan da ya gano ba su da armashi kamar wannan zargi, amma sun fi shi muhimmanci. Mutanen da sai an yi ta kiransu kafin a same su a waya sun fi karkata ga Clinton, kamfanonin kuwa saboda gaggawa ba su maimaita kira yadda ya kamata ba. Masu ƙaramin ilimin boko da iyalan 'yan ƙungiyar ƙwadago, waɗanda su ne ƙashin bayanta, ba su samu wakilcin da ya dace da yawansu ba a cikin waɗanda aka tambaya. Abin lura a nan shi ne dukkan kamfanonin sun karkace ne ta gefe guda. Wannan ya rushe tunanin da ake yi cewa idan aka haɗa ƙuri'u goma aka raba, kuskuren wannan zai shafe na wancan. Hakan yana yiwuwa ne kawai idan kowa da irin nasa kuskuren.

Tushen wahalar, a fahimtata, yana cikin yanayin zaɓen kansa. A babban zaɓe, Ba'amurke yana da jagora, wato jam'iyyarsa. Wajen tara cikin goma na 'yan Dimokurat za su zaɓi ɗan Dimokurat, haka ma 'yan Rifablikan, ko wane ne aka tsayar, don haka mai bincike ya riga ya san inda yawancin ƙuri'u za su faɗa tun kafin ya ɗaga waya. A zaɓen fid da gwani wannan jagora ba ya nan. 'Yan takarar duk 'yan gida ɗaya ne, manufofinsu sun yi kusa, kuma mai zaɓe yana iya son uku daga cikinsu lokaci guda. Barin wannan ya koma wancan ba ya buƙatar ya sauya aƙida, ya ishe shi ya ga muhawara ɗaya, ko ya ji wani dattijo da yake girmamawa ya yi magana, ko ya lura cewa gwaninsa ba zai kai labari ba. Idan aka tambaye shi ranar Alhamis ya faɗi wani suna, ranar Talata ya dangwala wa wani, bai yi ƙarya ba, mai tambayar ma bai yi kuskuren rubutu ba.

An ga haka ƙarara a 2020. Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, na biyu a Nevada da tazara mai nisa, har an fara yi masa kallon wanda tasa ta ƙare. Ranar 26 ga Fabrairu ɗan majalisa James Clyburn, wanda baƙaƙen fatar South Carolina ke jin maganarsa ƙwarai, ya fito ya mara masa baya. Ranar 29 ga wata Biden ya lashe jihar da tazarar sama da maki 28, kusan ninki biyu na abin da aka yi hasashe. Pete Buttigieg ya janye ranar 1 ga Maris, Amy Klobuchar ta bi sahu ranar 2, dukkansu suka goya masa baya, ranar 3 ga Maris kuma, wadda suke kira Babbar Talata, ya cinye jihohi 10 cikin 14, har da Massachusetts da Minnesota inda kusan bai yi kamfe ba. A Virginia, inda mako guda kafin nan ake ganin takarar ta yi kusa, ya ba Bernie Sanders ratar maki 30. Binciken kirki yana cin kwana uku ko huɗu ana kiran mutane, siyasar kuwa ta juye cikin kwana uku, don haka kafin a gama tattara amsa, wasu daga cikin sunayen da ke kan takardar tambaya sun riga sun fita daga takara.

Wahala ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma ita ce masu sana'ar suka fi kuka da ita. Mai jin ra'ayi ba ra'ayin duk jama'ar jiha yake nema ba, na waɗanda za su fito zaɓe yake nema, kuma waɗannan mutane ba a san su ba sai ranar zaɓe. A babban zaɓe wajen kashi 60 na masu haƙƙin zaɓe sukan fito, kuma kamanninsu ba sa sauyawa sosai daga wannan zango zuwa wancan. A na fid da gwani kuwa kaso kaɗan ne ke fitowa, kuma yawansu yana hawa da sauka ba tsari. Dole mai bincike ya zauna ya ƙiyasta matasa nawa ne za su fito, tsofaffi nawa, 'yan ba-ruwanmu, wato waɗanda ba sa cikin kowace jam'iyya, nawa, sannan ya daidaita amsoshin da ya samu da wannan ƙiyasi. Idan ƙiyasin ya karkace, komai kyawun sauran aikin ya tashi a banza.

Abin da ya faru a Michigan ke nan ranar 8 ga Maris 2016. Ƙuri'un jin ra'ayi sun ba Hillary Clinton tazarar sama da maki 20 a kan Sanders, FiveThirtyEight kuma ya ce damar nasararta ta haura kashi 99 cikin 100. Sanders ne ya ci, da tazarar da ba ta kai maki 2 ba. Da aka koma aka duba, sai aka ga masu binciken ba su da abin da za su yi awo da shi, domin a 2008 jihar ta saɓa wa uwar jam'iyya ta matso da ranar zaɓenta, Obama ya cire sunansa daga takardar ƙuri'a, don haka an daɗe ba a yi takarar gaske a can ba. Ga shi Michigan ba ta rajistar masu zaɓe da sunan jam'iyya, kowa yana iya zuwa ya karɓi takardar ɓangaren da ya ga dama. Sannan wasu kamfanonin na'ura ce take yi musu kira da muryar da aka naɗa, doka kuma ta hana irin wannan na'ura kiran wayar hannu, sai ta girke ta cikin gida. Saurayi ɗan shekara 22 da ke zaune a ɗakin haya kusa da jami'a ba shi da wayar girke, kakarsa ce ke da ita, kuma ita ce ta amsa. Matasa 'yan ƙasa da shekara 30 suka fito fiye da yadda aka zata, kusan huɗu cikin biyar ɗinsu suka zaɓi Sanders.

Iowa ta fi ko'ina wuya, domin a al'adarta ba layi ake bi a jefa ƙuri'a a tafi ba. Mutane ne ke taruwa da daddare, a tsakiyar hunturu, a ɗakin wasannin makaranta ko zauren coci, su saurari jawabai kafin su zaɓa, kuma a tsohon tsarin Dimokurat duk ɗan takarar da bai samu kashi 15 na mutanen da ke zauren ba, magoya bayansa sai su tashi su koma kusurwar wani. Ann Selzer, wadda ta yi shekaru tana yi wa jaridar Des Moines Register bincike, ta yi suna ne a 2008 da ta hango cewa sababbin fuskoki za su cika zaurukan su ba Obama nasara, aka yi ta sukarta, maganarta kuma ta tabbata. Amma a 2016 ita ɗin ce ta ba Donald Trump kashi 28, Ted Cruz 23, Marco Rubio 15, sakamako kuma ya fito Cruz 28, Trump 24, Rubio 23. Ta ƙiyasta Kiristoci masu ra'ayin bishara ba za su kai rabin mahalarta ba, sai ga shi sun kusa biyu cikin uku, saboda Cruz ya bi su coci-coci ya tattaro su. Idan gwanar gwanaye za ta yi irin wannan tuntuɓe, ba lalaci ne ko son rai ke jawo shi ba, aikin ne ke da wuya.

Ƙuri'un da ake fitarwa shekara guda kafin zaɓe kuwa ba sai an daɗe a kansu ba, domin yawanci sanin suna suke aunawa. Howard Dean ya yi ta jan zarensa a ƙarshen 2003, ya zo na uku a Iowa. Rudy Giuliani ya shafe kusan duk 2007 yana kan gaba a Rifablikan, ya janye a ƙarshen Janairun 2008 bai ci jiha ko ɗaya ba. A 2011 Rick Perry da Herman Cain da Newt Gingrich kowa ya ɗana saman tebur na 'yan makonni, tikiti kuma ya tafi hannun Mitt Romney. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

To amma wanda zai ce a watsar da ƙuri'ar jin ra'ayi baki ɗaya, shi ma ya yi kuskure, kuma nasa ya fi muni. Daga watan Yulin 2015 Trump ya hau kan gaba a kusan kowane bincike na 'yan Rifablikan, bai sauka ba sai na ɗan taƙaitaccen lokaci. Masu sharhi, da manyan jam'iyya, da malaman kimiyyar siyasa suka dage cewa guguwa ce za ta wuce kamar ta Cain, har Nate Silver kansa ya ba shi dama 'yar ƙanƙanuwa, daga baya ya rubuta cewa ya bar alƙaluma ya bi zato. A wannan karo mutanen da aka kira a waya sun faɗi gaskiya wata da watanni, masana ne suka ƙi ji. Haka ma a 2024, bincike ya nuna tun da wuri cewa babu mai ja da Trump a jam'iyyarsa, hakan kuma aka yi. Sai dai ko a nan tazarar ba ta yi daidai ba. A New Hampshire ya ci Nikki Haley da maki 11, a South Carolina da 20, duka ƙasa da abin da aka yi hasashe, domin 'yan ba-ruwanmu da wasu 'yan Dimokurat, ganin babu wata takarar kirki a nasu ɓangaren, sun shigo sun zaɓi Haley. Abin ban sha'awa shi ne a manyan zaɓukan 2016 da 2020 rage masa ƙarfi aka yi, a nan kuma aka ƙara masa. Don haka ba za a iya cewa kuskuren kullum gefe ɗaya yake bi ba, balle a gyara shi da ƙarin maki ko ragi.

Akwai kuma abin da kamfanonin ba sa son a yawaita tambaya a kansa. Cibiyar Pew ta bayyana cewa a 1997 kashi 36 na gidajen da take nema a waya sukan amsa tambayoyinta, amma zuwa 2018 abin ya faɗo kashi 6. Gejin kuskuren da ake rubutawa a ƙasan kowane sakamako bai san da wannan ba, domin lissafinsa ya ginu ne a kan cewa waɗanda suka amsa daidai suke da waɗanda suka kashe waya. Ko a hakan ma, binciken da aka tambayi mutum 400, wanda shi ne gwargwadon da aka saba gani a zaɓen fid da gwani na jiha, gejinsa yana kusan maki 5 sama ko ƙasa ga kowane ɗan takara, na tazarar da ke tsakanin mutum biyu kuwa ya kusa ninka haka. Jarida ta buga da manyan baƙaƙe cewa wane ya ƙaru da maki 2 a wannan mako, a gaskiya ba ta faɗi komai ba.

Inda na fi samun damuwa shi ne lokacin da wannan ma'auni mai rawa ya tashi daga ba da labarin takara ya koma yanke mata hukunci. Na farko, shi ne ke gina tsammani, tsammani kuma ke fassara sakamako. Rubio ya zo na uku a Iowa a 2016 amma ya hau mumbari yana jawabi kamar wanda ya ci, aka kuma karɓa masa, don kawai an ce zai samu 15 ya samu 23. Kuskuren masu bincike ne ya zame masa nasara, masu ba da gudummawar kuɗi kuma suka bi shi a kan haka. Wanda aka yi wa kuskuren ta ɗaya gefen, ko da ya ci, sai a ce ya gaza.

Na biyu ya fi tsanani. A watan Agustan 2015 'yan takarar Rifablikan 17 ne, sai gidan talabijin na Fox News ya yanke cewa mutum 10 da suka fi maki a matsakaicin ƙuri'u biyar na ƙasa su ne za su hau babban dandalin muhawarar farko a Cleveland, sauran kuma a yi musu tasu da yamma kafin 'yan kallo su taru. John Kasich, gwamnan Ohio na lokacin, ya samu kujera ta goma. Rick Perry, wanda ya yi shekara 14 yana gwamnan Texas, ya zo na goma sha ɗaya, tazararsu kuma ba ta kai maki 2 ba, a binciken da kowannensu 'yan ɗaruruwan mutane aka tambaya. Babu wani masanin lissafi da zai rantse cewa Kasich ya fi Perry magoya baya a wannan mako. Muhawarar ta samu masu kallo miliyan 24. Perry, wanda dama kuɗi sun fara yanke masa, shi ne ya fara ficewa daga takarar a watan Satumba, Kasich kuwa ya kai har Mayun 2016. Masu sana'ar kansu ba su ji daɗin wannan ba. Cibiyar Marist ta dakatar da tambayar wa za ka zaɓa na ɗan lokaci don kada a yi amfani da alƙalumanta wajen tace mutane, Gallup kuma a shekarar ya daina bin tseren fid da gwani ɗungurungum.

Na yarda cewa ba za a jera mutum 17 ko 20 a dandali ɗaya a yi muhawara mai ma'ana ba, kuma dole a samu hanyar ragewa. Jam'iyyar Dimokurat a 2019 ta ɗan gyara, inda ta ce kashi 1 a bincike uku ko masu ba da gudummawa 65,000 ya isa a shiga muhawarar farko, sannan ta raba mutum 20 gida biyu ta hanyar ƙuri'ar sa'a, aka yi dare biyu a Miami ba tare da an ce wannan dandalin manya ne wancan na ƙanana ba. Wannan ya fi adalci, ko da yake daga baya ita ma ta yi ta ɗaga makin da ake buƙata har gwamnoni da sanatoci suka zube tun kafin mutum ɗaya ya kaɗa ƙuri'a a Iowa. Da ni ake shawara, da na ce a bar kowa a dandali ta hanyar rabawa da ƙuri'ar sa'a har sai jihohin farko sun yi zaɓe, daga nan a tace da ƙuri'un gaske da yawan daliget ɗin da kowa ya samu, domin waɗannan ƙirga su aka yi ɗaya bayan ɗaya, ba ƙiyasta su aka yi daga amsar mutum 400 ba.